Robar da Aka Ce Ta Faɗi

A sashen tazarar haihuwa na asibitin nan, in aka ce "Sista" ba a ƙara komai ba, to mutum ɗaya ake nufi. Shekara ashirin da biyu tana sa wa mata robar mahaifa tana cirewa, har ta kai wasu matan kan bar wa na bayansu layi su ce su hannun Sista suke jira. Hannun kuwa akwai shi, wannan ba mai hana ta. Robar 'yar ficiciya ce, ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, da hannuwa biyu a buɗe da siririyar wayar tagulla naɗe a jikinta, sai zare biyu a gindinta da ake bari su leƙo ta bakin mahaifa, don da su ake gane tana nan, da su kuma ake jawo ta in an tashi cirewa. Kafin mace ta gama runtse ido Sista ta sa ta, ta datse zaren, tana tuɓe safar hannu tana cewa, "Sauko, ba kwana kika zo yi ba." Bakin ma akwai shi. Ɗaliba ta kuskura ta manta auna zurfin mahaifa, ko ta bar gurbi a kati ba ta cike ba, ranar sai ta gwammace ba ta fito daga gida ba.

Ran wata Talata da hantsi, tana tsakiyar wanke wata ƙaramar nas mai tabarau a kan ta jera ƙarafa a tire yadda ta ga dama, sai ga mai ɗaukar hoton ciki ta leƙo. Ita ma ta hannun Sista ta bi a zamanin ɗalibta, kuma har yau in za ta yi mata magana sai ta ɗan rusuna.

"Sista, don Allah minti biyu."

"Faɗi a nan mana. Ba ki ga layi ba?"

"Gara dai ki zo ki gani da idonki."

Sai da suka yi nisa a baranda sannan ta rage murya. "Matar ƙaninki ce, Malama. Ta zo hoto."

Abin da Sista ta fara ji haushi ne. Malama ta shigo asibitinta, ta wuce ƙofarta, ta je ta hau gadon wani ba ta ko leƙo ta gaishe ta ba? Tana tafe tana shirya irin tsiyar da za ta yi mata. Amma ba ta tarar da ita a ɗakin ba, an tura ta ta zagaya ta jira a benci. Ɗakin da duhu-duhu, sai hasken allon na'ura, da hoton da aka tsayar a kai. Ga mahaifa nan yadda aka saba ganinta, a tsakiyarta kuwa ga wani farin layi miƙe samɓal, da inuwa a ƙarƙashinsa.

Ba sai an yi wa Sista bayani ba. Roba ce, zaune daram a inda ake son ta, ko karkata ba ta yi ba. Aikin gwani ne, kuma ta san hannun da ya yi shi.

"Ta ce min shekara huɗu da wani abu tana neman haihuwa," in ji mai hoto, idonta a ƙasa. "Ta ce wadda kika sa mata ta faɗi tuntuni. Na duba har sau uku, Sista. Ban faɗa mata komai ba. Ban rubuta komai ba tukuna."

Wannan "tukuna" ta fi komai yi wa Sista ciwo. Yarinyar da ta koya wa riƙe almakashi ce yau take tsaye tana neman hanyar rufa mata asiri. Ta dafa bayan kujera, gumi ya karyo mata duk da sanyin ɗakin.

Yadda abin ya faro kuwa, da alheri ya faro, shi ne abin takaicin. Shekara takwas da suka wuce, bayan Malama ta haifi 'yarta ta fari da ƙyar, Sista ce ta ce a huta. Ta ce matar gida ba za ta zo ta bi layi tun asuba kamar baƙuwa ba, ta bari sai an tashi aiki. Haka aka yi. Malama ta baro makarantar da take koyarwa da la'asar, Sista ta shigar da ita ta ƙofar baya, ta sa mata a minti biyar suna hira suna dariya. Kati? Wane kati tsakanin mutum da matar ƙaninsa? Bayan wata biyu Malama ta dawo tana sunkuyar da kai tana wasa da gefen mayafi, da ƙyar ta iya cewa maigidan yana ƙorafin wani abu yana sukarsa. Sista ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Auta ne da raki tun yana yaro. Hau gado." Ta datse zaren can ciki, yadda ko leƙowa ba zai yi ba. Ana yin haka, ba laifi ba ne, amma sharaɗinsa a rubuta, kuma a gaya wa mai jikin cewa daga yau ba za a ga zare ba. Sista ba ta rubuta ba, don babu inda za ta rubuta. Abin da ta ce kawai shi ne, "Na gyara. Ki ce masa ya bar mu mu sarara."

Mai sa roba ɗari-ɗari a shekara ba da kanta take tuna su ba, kati ne yake tuna mata. Da shekara uku da 'yan watanni suka wuce, Malama ta zo a cire, suna son ƙani ga yarinyar. Nan ma bayan an tashi aiki ne, Sista ta gaji, jakarta ma tana rataye a kafaɗar kujera. Ta buɗe ta duba, babu zare. Ka'idar a bakinta take, ita ke koyar da ita: in ba a ga zare ba, a tabbatar ba ciki, a lalubi wuyan mahaifa, in ba a samu ba a tura hoto. Amma wannan matar ƙaninta ce kwance, ta rufe fuska da mayafi don kunya, ita ma Sista ba ta son daɗewa a wurin. Ta tambaye ta ko ta taɓa yin jini mai yawa. Malama ta ce e, watannin baya ta yi wani mai gudaji.

"To ai shi ke nan, ta bi jinin ta faɗi. Allah ya hutar da ke. Je ki, wata uku na ba ku in ji labari."

Wata uku suka zama shekara, shekara ta zama huɗu. A gidansu kuwa ba a zuwa wurin likita, tunda akwai Sista. Ita ta sa aka auna jinin Malama, ita ta tura Auta gwaji ya dawo da sakamako mai kyau, ita ta rubuta ƙwayoyi kala-kala. Da Malama ta taɓa cewa ko a yi hoto, Sista ta ce me hoto zai nuna mata da ba ta sani ba? Ranar da ba ta mantawa ita ce a falon mahaifiyarsu, dangi cike, da tsohuwar ta ce ita dai tun farko ba ta so aka sa wa yarinyar nan abin nan ba. Sista ta harɗe ƙafa ta ce, "Mama, roba ba ta hana haihuwa in ta fita. Matarmu ce dai ta sa abin a rai, ga kuma jiki ta ajiye. Ta rage damuwa, ta rage ƙiba, za ku gani." Aka yi dariya. Malama ma ta yi murmushi, ta tashi ta kwashe kofuna.

"Sista?" in ji mai hoto. "Me zan ce mata?"

"Bar ni da ita."

Daga ɗakin hoto zuwa bencin bai fi taku ashirin ba, amma a cikin takun nan Sista ta gama tsara ƙarya tsaf, don mutum in yana neman tsira kansa ja yake yi. Za ta ce an ga ɗan abu ya toshe bakin mahaifa, za a share. Minti biyar ne. Ta jawo robar, ta dunƙule ta a auduga, ta jefa a kwandon sharar asibiti mai murfi. Mai hoto ba za ta yi magana ba. In Allah ya kawo ciki bayan nan, dangi su ce hannun Yaya ne. Wa aka cuta? Ai cirewar ce dai ake so. Haka ta gaya wa kanta, kuma tana faɗa tana jin ƙyamar kanta.

Malama na hango ta ta miƙe tsaye, jaka a ƙirji, kamar ɗalibar da aka kama tana satar amsa.

"Yaya, ina kwana? Wallahi ki yi haƙuri, ba wai na tsallake ki ba ne. Wata abokiyar aikina ce ta matsa min lamba, na ce bari in yi don ta ƙyale ni. Na ga kamar na ishe ki da zancen nan."

"Biyo ni," in ji Sista. Ba ta iya kallon idonta ba.

Ta shigar da ita ɗaki na biyu, ta ce wa mai tabarau ta ci gaba da layi a na farko, ta ja koren labulen. Malama ta tuɓe takalmi ta jera su a ƙarƙashin gado, ta hau, ta ɗora ƙafafu a inda ake ɗorawa ba tare da an ce mata ba. Sista ta wanke hannu, ta daɗe tana wankewa. Ta sa safa, ta jawo fitila, ta ɗauki ƙarfen nan mai bakin agwagwa da ake buɗewa da shi.

"Wani ɗan abu aka gani," ta ce. "Zan share miki."

"To, Yaya." Malama tana kallon fankar da ke juyawa a sama. Can sai ta ce, "In wani mugun abu ne, don Allah ni kaɗai za ki fara gaya wa. Kar ki gaya wa ƙaninki tukuna. Bawan Allah nan ya yi haƙuri da ni. Duk wata in na ga jini sai in rasa ta inda zan fara. Har ya gane, in ya ga na yi shiru da safe sai ya ce, ba komai, lokaci ne bai yi ba. Ni kuwa na san daga gare ni ne, tunda shi kin ce lafiyarsa lau." Ta ɗan yi dariya. "Kin san kilo tara na rage? Ba ki ma yaba ba."

Ƙarfen ya yi wa Sista nauyi a hannu. Ta tsaya tana kallon tafin ƙafar matar, da ɗan kaushin da tsayuwar aji ta bar mata a diddige. Kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba tun da ta sa fararen kaya. Ta mayar da ƙarfen tire, ya yi ƙara.

"Sauke ƙafarki. Tashi zaune, ki rufe jikinki."

Malama ta tashi a firgice. "Ciwon daji ne?"

"Ba ciwo ba ne. Lafiyarki lau. Robar ce. Tana nan."

"Wace roba?"

"Wadda na sa miki. Ba ta faɗi ba. Tana ciki, tana aikinta, tun ranar da na sa ta har yau."

Malama ta zuba mata ido kamar da wani yare aka yi maganar. "Amma ai kin duba, Yaya. Kin ce babu zare."

"Ni na datse zaren. Ranar da kika zo da ƙorafin Auta. Na datse shi can ciki, ban rubuta ba, na manta. Da kika zo cirewa kamata ya yi in laluba, in tura ki hoto. A lokacin na'urar tana yawan..." Ta katse maganar. Na'urar lafiyarta lau a lokacin, ta sani. "A'a. Ban dai yi ba. Na gaji, ina sauri, na ce ta faɗi."

"Sharewar da kika ce yanzu fa?"

Wannan tambayar ce Sista ta so a ce ba a yi ba. "Cirewa zan yi, in jefar, ba ki sani ba."

Ba ihu, ba kuka. Da ma ta yi, da Sista ta samu abin riƙewa. Malama sai ta sunkuyar da kai, leɓenta yana motsi, babban yatsanta yana bin gaɓoɓin sauran, yadda take koya wa 'yan aji biyu ƙirga.

"Wata hamsin da biyar," ta ce.

Ta sauko, ta gyara zani, ta sa takalmi ɗaya bayan ɗaya, ta yafa mayafi.

"Ki hau in cire miki," in ji Sista. "Yanzun nan, ba zai ɗauki..."

"A ina ake yankar kati?"

"Haba, matarmu..."

"A ina?"

"Taga ta biyu, hannun dama."

Lamba talatin da ɗaya aka ba ta. Ta zauna a bencin da ke fuskantar ƙofar Sista, tsakanin wata mai goyo da wata mai cin cingam, jaka a cinya, kati a hannu. Awa uku. Duk sanda aka buɗe ƙofa don wata ta shiga ko ta fita, sai Sista ta gan ta, zaune a miƙe, ba ta danna waya, ba ta hira. Sista ta yi aikin ranar kamar mai koyo. Ta yar da almakashi, ta tambayi mace ɗaya shekarunta sau biyu. Har ta jiyo mai goyon tana ba Malama shawara da zuciya ɗaya: "In an kira ki, ki ce Sista kike so. Wallahi hannunta kamar ba a taɓa ki ba." Malama ta ce, "Haka ake faɗa."

Da aka kira talatin da ɗaya ta shigo ta miƙa kati, ta nuna mai tabarau da haɓa. "Ita nake so."

Yarinyar ta kalli Sista a tsorace. Sista ta ce, "Karɓi katin. Zare ne ba a gani, hoto ya nuna tana ciki. Yi yadda aka koya miki."

Mai tabarau ta zauna ta cire murfin biro, ta fara bin gurabe ɗaya bayan ɗaya, don ta san abin da ke biyo baya in ta tsallake. Shekaru? Arba'in da ɗaya, watan gobe. Haihuwa? Ɗaya. Yaushe aka sa? Malama ta faɗi shekara da wata. A wane asibiti? Nan. Yarinyar ta ɗago.

"Amma babu tsohon kati. Wa ya sa miki?"

Malama ba ta ko juya ba.

"Ni," in ji Sista daga jikin bango. "Rubuta. Ni na sa, ban buɗe kati ba. Bayan wata biyu na datse zare a cikin wuyan mahaifa, ban rubuta ba, ban yi mata bayani ba. Shekara huɗu da wata bakwai da suka wuce ta zo cirewa, na ce ta faɗi, ban laluba ba, ban tura hoto ba. Rubuta duka. In gurbin bai isa ba juya baya."

Yarinyar ta rubuta, kunnuwanta kamar su ɗauki wuta, ita da ba ta yi komai ba. Sai da ta juya bayan katin kuwa.

Sista ta tsaya a wajen labule tana jin komai. Ta ji yarinyar tana bayyana abin da za ta yi kafin ta yi, tana neman izini, tana cewa za a ji ɗan sanyi, za a ji kamar murɗar al'ada. Ta ji ƙarar siririn ƙarfen kamu da aka ɗauka daga tire. Ba a yi minti uku ba.

"Na samu," in ji mai tabarau, murna ta kuɓuce mata kafin ta tuna inda take. "Ga shi nan kusa, ko faɗin yatsa bai kai ba daga baki. Ja numfashi, Anti. Yauwa. Ta fito."

Ta fito da ita a ƙaramin kwanon silba don a tabbatar ba abin da ya karye ya saura. Sista ta duba. Cikakkiya ce, hannuwa biyu, tagullar ta yi baƙi, ga guntun zaren da yankan almakashinta a jiki, a daidaice. Ta karɓi biro ta sa hannu a ƙasan abin da aka rubuta.

Malama ta fito daga bayan labule tana ɗaura zani, fuskarta ta ɗan yi fari. Mai tabarau ta faɗa mata abin da za ta kula da shi, jini ko zazzaɓi ko ciwon mara mai tsanani, sannan ta sulale ta bar musu ɗakin.

"Tambaya ɗaya zan yi miki," in ji Malama. "Kar ki lallashe ni. Ina da talatin da shida na zo miki. Yanzu zan iya samu?"

Amsoshi goma suka zo bakin Sista, irin waɗanda take sallamar mata da su kullum, duk masu daɗin ji. Ta haɗiye su.

"Ana samu. Amma ba kamar a wancan lokacin ba, ko kusa. Zan haɗa ki da likitan mata a satin nan, ba ni ba." Ta ja numfashi. "Ban sani ba. Wallahi ban sani ba."

Malama ta gyaɗa kai a hankali. Sai a lokacin hawaye ya zubo mata, ta share da bayan hannu kamar mai jin haushinsa. Ta buɗe jaka ta ciro wayarta, ta lalubo lamba, ta danna, ta ajiye a kan tebur a gaban Sista, ta buɗe muryar yadda kowa zai ji.

"Yana jira in kira shi in na fito daga hoto. Ni na gaji da kai masa labari. Yau ke za ki kai."

Wayar ta yi ƙara sau biyu. Sista ta ji muryar ƙaninta ta cika ɗakin, da hayaniyar wurin aikinsa a baya, muryar yaron da ta goya, cike da fara'ar nan da ya koya wa kansa saboda matarsa.

"Uwargida ran gida! Yaya dai? An ga wani abu?"

Sista ta dafa tebur da hannu biyu.

"Auta, ni ce," ta ce. "An gani. Nemi wuri ka zauna."